Ƙadangaren Idon Sanyi

Kafin ladan ya yi kiran assalatu Nomau ya gama shiri. Ya ɗura albarushi a bindigarsa harba-ka-ruga, ya danna tsumma da sanda, ya rataya baka da kwari mai kibiya bakwai da ya shafa wa sabon dafi shekaranjiya. Ya soke gitta, ɗan ƙaramin gatarinsa, a ɗamara, ya cika gora da ruwan randa, ya rataya burgamin fatar akuya a hagu, ba komai ciki sai ƙuli-ƙuli da 'yar wuƙa. Duk wannan kaya kuwa na tsaron kai ne kawai. Abin da zai je kamowa bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Ga yadda maganar ta taso. A cikin dajin da ke yamma da Tungar Bagaye, tafiyar asuba zuwa hantsi, akwai wani kwari tsakanin duwatsu biyu inda ruwa ke tsattsafowa ya taru ya yi gurbi mai zurfi. Idon Sanyi ake ce masa. Ko bazara ta kai inda ta kai ba ya ƙafewa, kuma duk naman dajin nan can yake shan ruwa. A bana gulbi ya janye tun da wuri, masunta suka rasa kamu, sai suka tuna da tarwaɗar da ta yi shekaru tana ƙiba a Idon Sanyi. Suka nemi izinin Maigari su kai injin ban-ruwa su kwarfe gurbin ƙaf, su kwashi kifi da hannu.

Tun zamanin kakanni akwai rabo tsakanin maharba da masunta a garin. Abin da ke tafiya a ƙasa ko yake tashi sama na Sarkin Baka ne, shugaban maharba, abin da aka haifa a ruwa na Sarkin Ruwa ne, shugaban masunta, kuma ba mai ɓata wa wani dabbarsa a mazauninta. A zaman da aka yi jiya gaban Maigari, maharba suka fara kafa hujja da wani ɗan tsuntsu mai jan maƙogwaro da suke kira ɗan-marmaro, wanda ba ya sheƙa ko'ina sai a itatuwan bakin gurbin. Malam Haladu, malamin daji, ya buɗe littafinsa ya ce lalle tsuntsun yana cikin waɗanda ke ƙarewa, kuma akwai takardar da ta hana sare itacen da yake sheƙa. Amma takardar ba ta ambaci ruwa ba. Sarkin Ruwa ya ce su ko ganye ba za su tsinka ba, ruwa kawai suke so, shi kuwa tsuntsu yana da fiffike.

Nan ne Nomau ya miƙe, shi da ba ya magana a taro. Ya ce akwai wani ƙadangare a ƙarƙashin duwatsun bakin ruwan, mai ƙafa huɗu da wutsiya, ubansa ya nuna masa tun yana saurayi, kuma in aka kwarfe ruwan ba ya kwana. Tunda yana tafiya a ƙasa, na maharba ne. Aka yi masa dariya har da masu riƙe ciki. Maigari bai yi dariya ba, ya ce a kawo masa dabbar da ranta kafin a watse zaman la'asar na gobe, in ba haka ba jibi inji ya tafi. Sarkin Ruwa ya ce ya yarda, amma da shaida daga ɓangarensa, kada a kamo kulɓa a jiƙa ta a hanya.

Shaidar da aka haɗa shi da ita kuwa Cindo ne, ɗan kawunsa, taubashinsa, masunci tun daga haihuwa. Yana nan tsugune a ƙofar gida da gorarsa da ɗan kwandon kifi.

“Maharbin ƙadangaru ya fito,” in ji Cindo. “Har da bindiga? Kada ya yi maka kukan kura.”

“Ka ɗaure takalminka da kyau,” Nomau ya ce. “Inda za mu ba a shiga da kwalekwale.”

Suka yi salla a masallacin bakin gari, suka kama hanya gari bai waye ba.

Da suka wuce gonakin ƙarshe sai gamba busasshiya ta rufe su har kafaɗa. Nomau yana gaba, yana sa ƙafa inda ba ta ƙara, Cindo yana baya yana taka kowane busasshen kara da Allah ya ajiye a dajin. Fakara ta tashi daga gefensu da ƙarar fiffike, Cindo ya yi tsalle ya kama salati. Da haske ya fara zuwa ƙasa ta fara ba da labari: ga sawun gada biyu sun bi ta nan da sanyin safiya, ga inda gadu, aladen daji, ya tone saiwa, ga farin kashin kura na kwana uku. A wani busasshen rafi Nomau ya tsaya ya tsuguna. Sawu ne faffaɗa, kofato biyu, ya nutse cikin yashi, kuma ƙafar baya ta hagu ana jan ta ne, ba a ɗaga ta.

“Saniyar Fulani?” Cindo ya tambaya.

“Ɓauna. Namiji, tsoho, shi kaɗai. Yana da ciwo a ƙafa.” Ya murza yashin bakin sawun tsakanin yatsu. “Na jiya ne.”

Nomau ya miƙe tsaye. Shekara talatin da ɗaya yana shiga daji, ya kashe gada da barewa da gadu ba adadi, bai taɓa kayar da ɓauna ba. A Tungar Bagaye maharbin da bai kawo wutsiyar ɓauna ba, ko ya yi furfura, a bayan tabarma yake zama in maharba sun taru. Nomau ya yi furfura. Ya dubi inda sawun ya nufa, ya ci gaba da tafiyarsa.

Hantsi ya ɗaga suka gangara cikin kwarin. Sanyi ya tare su kamar an buɗe randa. Manyan kanya da ɗunya sun haɗe kai a sama, ruwa yana ɗiga daga tsagar dutse, gansakuka ta lulluɓe ko'ina. Cindo ya leƙa gurbin, ya ga baƙaƙen bayan tarwaɗa suna juyi a ƙasa, wasu sun kai cinyar mutum, ya shiga lissafin bakunan da ke jiransa a gida.

Nomau ya zauna kan dutse yana jiran tsuntsun, don haka ubansa ya koya masa. Ba a jima ba ɗan-marmaro ya sauko, bai kai gwara ba, baya ruwan toka, maƙogwaro ja kamar an ɗiga masa manja. Ya cafki ƙwaro a fuskar ruwa, ya koma reshe, ya sake saukowa, sannan ya dira kan wasu faffaɗan duwatsu a inuwa inda ruwa ke tsattsafa ta ƙasa, yana tsince-tsince. Abincinsa ɗaya da na abin da ake nema, inda ya yi kiwo nan ake dubawa.

Dutse na farko ba komai sai tana. Na biyu ma haka. Da ya ɗaga na uku a hankali sai ga shi kwance cikin laka, baƙi wuluk, jiki yana sheƙi, da ɗigo-ɗigon rawaya daga wuya har wutsiya. Bai gudu ba. Ya ɗaga kai da idanunsa da suka fito waje, maƙogwaronsa yana motsi.

Cindo ya matso, tsiyar bakinsa ta ɗauke. Ya sa yatsa ya shafa bayan abin, ya shinshina yatsan. Ya ƙirga yatsun ƙafa, huɗu a gaba, biyar a baya, ba farce ko ɗaya.

“Ɗan gwaggo, wannan ba ƙadangare ba ne. Ina ɓawon jikinsa?”

“To kifi ne? Ka taɓa kama kifi da gwiwar hannu?”

Suka bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suna mayar da kowanne yadda suka same shi. Biyar suka samu a duk kwarin. Zamanin ubansa Nomau ya san ana ɗaga dutse ɗaya a ga uku. Yana cikin wannan tunani ya hangi Cindo durƙushe a wani lungu inda ruwa bai kai idon sawu ba, ya kafa ido ƙasa, ya daɗe bai motsa ba.

“Me ka gani?”

“Shaida aka turo ni,” in ji Cindo, yana miƙewa. “A gaban Maigari zan yi magana.”

Nomau ya zaɓi mafi girma, ya jefa shi cikin burgami ya zuge baki. A cikin wannan burgamin ya sha kai damo da bushiya da 'yan tsakin zabon daji gida da ransu, bai ga abin da zai hana ƙadangare ba. Suka hau bakin kwarin, suka yi tafiyar da ba ta fi ta cin tuwo ba, sai Nomau ya ji burgamin ya yi shiru a haƙarƙarinsa. Ya buɗe. Abin ya sandare, fatarsa ta bushe ta yamutse, garin ƙuli-ƙuli ya manne masa a ido.

Ya daɗe yana riƙe da shi a tafin hannu. Ya kashe dabbobi da gangan ba iyaka bai taɓa jin komai ba, amma wannan da ya kashe da wauta ya tsaya masa a rai. Ya zo ne ya cece su, ga shi ya mayar da biyar huɗu kafin rana ta take. Ya tona rami da gitta ya rufe shi, suka juya.

“Na gaya maka abin ruwa ne,” Cindo ya ce, ba da tsiya ba wannan karon. “Bari gwani ya nuna maka.”

Ya kama na biyu, ya cika gorarsa fal, ya tura shi ciki ya toshe baki da ganye, yadda yake kai 'yan kifi daga wannan tafki zuwa wancan. Da farko ana jin abin yana karce cikin gorar. Ba su kai ga fita kwarin ba karcen ya ragu, sannan ya tsaya. Nomau ya fizge gorar ya tuntsurar da ita kan dutse. Abin ya faɗo rigingine, ciki sama, ƙafafu a sake. Suka tsuguna a kansa, manyan mutane biyu. Can maƙogwaron ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa, abin ya juya da ƙyar ya ja jiki zuwa inuwa.

“Gwani ya kusa nutsar da kifi,” in ji Nomau.

Kowannensu ya ɗauki dabbar a kan abin da ya sani, kuma ba wanda ya dace. Nomau ya dubi ɗan-marmaro a kan reshe. Shi wannan rigarsa tana jikinsa, ɗuminsa yana cikinsa, ka sa shi a hula ka kai shi wani gari ya sauka yana cin ƙwaro. Wancan kuwa tsirara yake, ta fata yake sha, iska yake shaƙa, in ka raba shi da laima ya mutu, in ka dulmuya shi ya mutu. Sai dai a ɗauke shi da ɗakinsa.

Haka suka yi. Suka shimfiɗa gansakuka da ruɓaɓɓen ganye cikin kwandon Cindo, suka ɗora shi, suka rufe da wata gansakukar, Nomau ya cire hularsa ya jiƙa ya kife a kai. Suka cika gorunansu biyu. Rana ta riga ta kusa tsakiya.

Suna kaiwa bakin kwarin, inda inuwa ta ƙare gamba ta fara, ɗan-marmaro ya wuce ta kansu ya sauka kan ƙaya yana wani gajeren kuka, cit-cit-cit, ba tsayawa. Nomau ya san kukan, ba ya yin sa don maciji ko shaho, sai babban abu ya nufo ruwa. Ya ɗaga hannu, Cindo ya tsaya. Iska ta juyo da warin tsohon ciwo da laka. Gamba ta dare a gabansu, taku ashirin, ga ƙaho baƙi faffaɗa da jajayen idanu, da guntuwar wayar tarko tana lilo a kumburarriyar ƙafa.

Kwandon yana hannun daman Nomau, bindiga tana rataye a kafaɗa. Lokacin abu ɗaya kawai yake da shi. Ya cije igiyar kwandon da haƙora, ya ce wa Cindo “Marke” ta cikin haƙoran, suka ruga zuwa itacen marken da ke kusa. Ƙasa ta ɗauki rawa a bayansu. Cindo, wanda bai taɓa hawan abin da ya fi kwalekwale tsawo ba, ya riga shi kaiwa reshe na biyu. Nomau ya kama reshe ya ja jiki sama, igiyar bindiga ta zame, ƙahon ya daki gindin itacen har ganyen da ya rage ya zubo. Ɓauna ya juya kan abin da ya faɗi. Ya taka bindigar, kota ta tsage biyu, ya murƙushe gorar Cindo da ita ma ta faɗo, ƙasa ta shanye ruwan nan take.

Daga nan ya tsaya. Tsohon ɓauna mai ciwo ba ya gaggawa, ya koma gefe kaɗan ya zuba musu ido yana huci, ƙudaje suna bin ƙafarsa. Marken ba shi da ganyen kirki, rana ta sauko musu a ka. Nomau ya taɓa hular da ke kan kwandon ya ji ta fara bushewa, ya tsiyaya ruwa kaɗan, ya miƙa wa Cindo kwandon ya ce ya rufe shi da jikinsa.

Ya harɗe ƙafafu a reshe, ya zaro baka. Kibiya ta farko ta daki tushen ƙaho ta tashi. Ɓauna ya sake kawo hari, ya zo daidai ƙarƙashinsu, Nomau ya ja tsirkiya har kunne ya saki ta biyu a bayan kafaɗa, ta shige rabi. Ta uku ta samu wuya. Ɓauna ya yi wani gurnani da Cindo ya ji har cikin hanjinsa, ya zagaya itacen sau biyu, ya tsaya yana girgiza kai. Aka ɗauki lokaci kafin ƙafafun gaba su fara rawa. Ya juya, ya nufi kudu yana tangaɗi, gamba ta rufe bayansa.

Suka sauko. Nomau ya tsaya kan sawun yana duban jinin da ya ɗiga a kara. Ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa. Dafin zai kayar da shi a fadamar da ke kudu, tafiyar sa'a guda ko fiye, kuma dole mai wuƙa ya iske shi da sauran numfashi, in ba haka ba ya zama mushe. Zuwa da yanka da dawowa, la'asar ta wuce. Cindo kuwa ko an ɗaure masa hanya a ƙafa ba zai kai gida shi kaɗai ba.

“Bi shi,” in ji Cindo. “Wallahi bi shi. Naman nan ya fi duk tarwaɗar Idon Sanyi. Shekara nawa kana jira?”

“Talatin da ɗaya.”

“To?”

“In na bi shi gobe inji ya zo.”

Ya tsinci karyayyar bindigarsa ya rataya. Takaici ya cika masa ciki har yana jin ɗacinsa a baki, ga kunyar barin dabba da kibiya a jiki, abin da ubansa bai taɓa yi ba. Suka koma gurbin da sauri, suka sha har ciki ya yi nauyi, suka yi azahar, suka sake jiƙa gansakuka, suka cika gora ɗayar da ta rage.

Tafiyar komawa ba ta da labari sai zafi. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, gyare yana ƙara a kowane itace. Duk bayan taku ɗari biyar Nomau ya tsaya ya yayyafa wa hular ruwa, su kuwa kurɓa ɗaya ɗaya. Kansa ba hula, jijiyoyin goshinsa suka tashi. Da suka kai busasshen rafin nan na safe ya girgiza gorar, abin da ya rage bai fi cikin ludayi ba, ga sauran tafiya mai tsawo. Ya miƙa wa Cindo, don leɓensa ya tsage, kuma shi bai saba ba.

Cindo ya karɓa, ya kai baki, ya tsaya. Ya ɗaga hular ya leƙa. Gansakukar ta yi fari a gefe, abin ya dunƙule a tsakiya, maƙogwaron yana motsi a hankali. Ya juye ruwan duka a kai.

“Ka san in ya kai da rai, babu tarwaɗa,” Nomau ya ce da dasasshiyar murya.

“Na sani. Yi tafiyarka, kada ka sa in yi nadama.”

An idar da la'asar, an zauna, har wasu sun fara neman takalmansu, sai ga mutum biyu sun ɓullo ta bayan masallaci, fururu da ƙura, ɗaya ba hula. Ba su nemi ruwan sha ba sai da aka kawo faranti da buta aka jiƙa gansakukar. Nomau ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗaga hular. Abin ya fito a hankali, ya taka ƙafa huɗu ya ratsa farantin a gaban Maigari. Masu dariyar jiya suka matso suna leƙe ta kafaɗar juna.

Sarkin Baka ya juya shi da tsinke ya ce tafiya dai yana yi, amma shi bai san dabbar tudu da ba ta da gashi ko ɓawo ko farce ba. Malam Haladu ya yi ta buɗe littafinsa har ya tsaya kan wani hoto.

“Ranka ya daɗe, ya yi kama da wannan. Salamanda suke ce masa. Siffar ƙadangare gare shi, amma dangin kwaɗo ne, yawancinsu a ruwa suke fara rayuwa. Sai dai littafin ya ce a ƙasashen sanyi yake, ba a san shi a ƙasarmu ba, don haka ba zan rantse shi ne ba. Tsuntsun yana da suna da shafi da takardar kariya. Wannan ba ni da takardar da zan rubuta masa.”

Maigari ya juya ga Cindo. “Kai aka tura. Me ka gani?”

Cindo bai dubi Nomau ba. “Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin dutse muka same shi, a bakin ruwa. Na sa shi cikin ruwa ya kusa mutuwa. Amma na ga 'ya'yansa a wani lungu, cikin ruwa tsundum, da wasu jajayen geza a wuya suna shaƙa da su kamar kifi. A ruwa ake haifarsa.”

Nomau ya dubi farantin. Ya bar ɓauna a daji, ya rasa bindiga, ya kashe ɗaya daga cikin biyar, duk don ya kawo wa masunta hujjarsu da hannunsa. Bai ji haushin Cindo ba, gaskiya ya faɗa. Maigari ya ce magana ta fito, dabba ta Sarkin Ruwa ce.

Sarkin Ruwa, tsoho mai ido ɗaya, ya jawo farantin gabansa ya daɗe yana kallo.

“Nomau, guda nawa ne a can?”

“Biyar ne, Sarki. Na kashe ɗaya da rashin sani. Huɗu, har da wannan.”

“A duk dajin?”

“Ban san wani wuri ba.”

Tsohon ya tsoma yatsa a buta ya ɗiga wa abin ruwa a baya. “Jiya da kuka ce naku ne, ban ga dalilin da zan bar mutanena da yunwa don dabbar wani ba. Yau an ce nawa ne. Mu kuwa ba ma kwarfe ruwan da iri ya rage uwa da goyo, tun kakanni haka muke. Na rufe Idon Sanyi. Ƙugiya kawai, mutum biyu a mako, inji kuwa kada ya wuce gonakin gari.” Masunta suka yi gunaguni, ya ɗaga ido ɗayan nan ya dube su, gunagunin ya mutu. Sannan ya tura farantin. “Maharbi, dabbata ce a hannunka. Gobe ka mayar mini da ita inda ka ɗauko.”

Ana watsewa Sarkin Baka ya tare Nomau, ya dubi tsagaggiyar bindigar, ya sa hannu ya ƙirga kibiyoyin kwari. Huɗu.

“Ina ukun?”

Cindo ne ya ba da labarin. Sarkin Baka ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Ka bar ɓauna da kibiyarka a wuya.” Nomau ya ce e. Tsohon ya girgiza kai ya wuce, bai ce an yi daidai ba, bai ce an yi kuskure ba.

Kwandon ya kwana a gindin randa. Da asuba Nomau ya fita shi kaɗai da gora biyu. Da hantsi ya hangi ungulaye suna kewaya sama can kudu, wajen fadama, ya tsaya ya kalle su har wuyansa ya gaji, sannan ya gangara kwarin. Ya ɗaga dutse na uku ya ajiye abin cikin lakarsa, ya mayar da dutsen a hankali. Ɗan-marmaro yana ta kai da kawowa a fuskar ruwa, bai kula da shi ba.

Kafin ya tafi ya je lungun da Cindo ya durƙusa jiya, ya durƙusa shi ma. Sai da idonsa ya saba da duhun ruwan ya gan su, ƙanana kamar tsinken ashana, jajayen gezar wuyansu suna kaɗawa. Goma sha ɗaya. Ya sake ƙirgawa daga farko, don ya san Sarkin Ruwa zai tambaye shi.